Kukan Yaro Ba Ƙarar Bindiga Ba Ne

Wata doka ta shigo unguwanninmu a 'yan shekarun nan. Majalisa ba ta zauna a kanta ba, alƙali bai karanta ta ba, amma ta fi dokar gwamnati saurin cin mutum. Dokar ita ce 'yar haya ba ta da ikon tara 'ya'yan mutane a ɗakinta tana raino ana biyanta. A wani gidan, mai gidan hayar ne ke gindaya sharaɗin tun ranar da zai miƙa makulli. A wata unguwar kuma kwamiti ne ke zama a ƙofar masallaci bayan isha'i, a yanke magana, gari na wayewa a tura yaro ya ce da matar, wai dattawa sun ce ta sallami yaran ko ta nemi wani ɗakin. Duk wanda ke zaune a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ko yake da dangin da suka gudo Funtuwa da Malumfashi, ya san irin zancen da nake yi. A wurina wannan doka zalunci ce da aka sa wa rigar tsaro da tsabta, kuma ta faɗa kan mutanen da ba su da bakin kare kansu.

Kwamitocin nan ba sa tambayar daga ina sana'ar ta fito. Iyayenmu ba su san raino na kuɗi ba, domin ba su buƙace shi ba. A gidan gandu na Kadisau ko Ruwan Godiya ko wani ƙauyen Sabuwa, in mace za ta gona ko rafi ko barka, akwai kaka, akwai kishiya, akwai faccala, akwai gwaggon da ta dawo gida zawarci. Yaro yana rarrafe daga wannan ɗaki zuwa wancan, inda yunwa ta kama shi nan za a dama masa koko. Da ake cewa ɗa na kowa ne, tsarin zaman gidan ake faɗa, abin da ake gani da ido kullum.

'Yan bindiga sun kwashe shanu da hatsi, wannan kowa na lissafa shi. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne sun rusa wancan tsari. Daga harin da aka kai Kadisau a watan Yunin 2020, wanda ya ci rayuka masu yawa a yini ɗaya, zuwa ƙananan hare-haren da ko rediyo ba ya ambata, gidaje masu mutum talatin da arba'in sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Kaka tana wajen ɗanta a Funtuwa. Kishiya ta koma gidan iyayenta. Maigida ko dai yana kabari, ko yana daji ana jiran a haɗa kuɗin fansarsa, ko yana Abuja yana tura ruwa. Ita kuwa matar ta sauka a ɗaki guda, a gidan haya, cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba, da goyo a baya da ɗan shekara uku riƙe da bakin zane.

Kuma dole ta fita. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu ɗan hayar da zai zauna ya harɗe ƙafa abinci ya zo masa. Za ta ƙwadago a gonakin bakin gari, roron wake, casar waken suya, sussukar masara. Za ta aikatau, za ta wankau, za ta kai awara bakin tasha. Ba 'yan gudun hijira kaɗai ba ma: akwai malamar firamare, akwai ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da aka turo daga wani gari ba ta da kowa a nan. Duk waɗannan suna buƙatar hannun da za su ajiye yaro daga hantsi zuwa la'asar. Sai ga wata maƙwabciya, sau da yawa dattijuwa, ko wadda ke cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ta da damar yawon neman abinci, ta ce ku kawo su nan. Ana ba ta ɗan abin da ya samu, wani lokaci kuɗi, wani lokaci kwanon masara ko sabulu. Shi ke nan laifin da ake aiko mata da yaro a kai.

Hujjar da ta fi nauyi a bakin kwamiti ita ce tsaro, kuma ba na raina ta. Mutanen da suka kwana suna jin harbi ba a yi musu dariya in sun ce suna tsoron baƙuwar fuska. Gwamnatin Katsina da kanta ta sha faɗa cewa masu tsegunta wa 'yan bindiga labari suna cikin jama'a. Saboda su ne a watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan an riga an taƙaita zirga-zirga a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Don haka in kwamiti ya ce kowane mai gida ya san wanda ya ba haya, kuma a kai sunan sabon ɗan haya wurin mai unguwa, na sa hannu biyu.

To amma mu tsaya mu dubi fuskokin da ke zuwa ƙofar mai raino. Mata ne masu goyo, da ƙarfe bakwai na safe, kowace ta kwance zane ta miƙa ɗa, ta ajiye kwanon abincinsa, ta wuce da sauri kada a rage mata kuɗin yini. Da yamma su dawo da ƙura har gira. Yau su ne, gobe su ne, jibi su ne. In akwai mutum ɗaya a layin da zai iya gaya maka sunan kowane yaro, da sunan uwarsa, da ƙauyen da suka baro, da ɗakin da suke kwana, to mai rainon ce. Kwamitin da da gaske yake son sanin wanda ke shiga da fita, ita ya kamata ya fara jawowa jiki. Teburin mai shayi da ke ƙofar gidan, wanda kowane matafiyi ke zama a bencinsa har sha biyun dare yana jin hirar wane ya sayar da buhu nawa, babu wanda ya aika masa da yaro. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasu kuma sai su ce tara yara wuri ɗaya kiran masifa ne, su kawo maka Ƙanƙara. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati aka kora ɗalibai cikin daji, aka sako 344 bayan kwana shida. Ciwon nan bai warke ba, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Sai dai makarantar kwana ce, a gefen gari, cikin dare, da ɗaruruwan samari masu iya tafiyar ƙasa mai nisa. Ɗakin mai raino yana tsakiyar unguwa, da rana tsaka, da yara biyar ko shida waɗanda rabinsu ba su yi haƙori ba, 'ya'yan matan da ko kuɗin haya da ƙyar suke haɗawa. In wannan tsoro ne ma'auni, ai makarantar allo da ke zauren gidan da ke kallon nata ta fi yawan yara sau goma, Islamiyyar yamma ma haka. Babu mai cewa a rufe su, kuma bai kamata a ce ba. Me ya sa ma'aunin yake tashi sai an zo kan 'yar haya?

Batun hayaniya ba sai na daɗe a kai ba. Unguwar da ke kwana da janareto, ta tashi da injin niƙa, ta yini da masu acaba suna murza totur, ba ta isa ta ce kukan jariri ne ya hana ta sakewa ba.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne in mai gida ya gyara murya ya ce shi gidan zama ya bayar, ba shago ba. Ya Alhaji, yaushe gidan Bahaushe ya taɓa zama gidan zama zalla? Kasuwar matanmu tun kaka da kakanni cikin gida take. A tsakar gida ake matsar man gyaɗa a toya ƙuli-ƙuli, a nan ake kitso, a nan ake ɗinkin hula da saƙa, a nan ake dambu da ɗanwake yara su fita da su. Mace mai kulle da sana'ar cikin gida take yi wa 'yarta kayan ɗaki. A gidan hayar da aka hana raino, ka leƙa ɗaki na gaba, za ka tarar da mai suyar awara da kaskon mai yana tafasa a hanyar da yara ke wucewa. A zauren kuma saurayi ne ya jera wayoyi yana cajin kuɗi, igiyoyin wuta sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. A ƙofar gida ga kwalaben fetur a jere cikin rana. Duk waɗannan sana'o'i ne, wasu ma sun fi raino haɗari ga ginin nesa ba kusa ba, amma mai gida ya kau da kai, don ko dai suna ƙara masa wani abu a kan kuɗin haya, ko kuwa 'ya'yan 'yan gari ne da ba a taɓa su.

Ga kuma abin da ke tona asirin dokar gaba ɗaya. Mai kuɗi ya zo ya kama gida sukutum a layin nan, ya shafa fenti, ya zana baƙaƙen boko da hoton zaki a bango, ya kafa allo ya kira wurin nazire. Zai tara yara sittin a ɗakuna uku, da banɗaki ɗaya. Ranar buɗewa 'yan kwamitin ne a layin gaba, ana raba musu lemo, ana cewa ci gaba ya zo unguwa. Ashe ba tara yara ne matsalar ba. Talaucin wadda ta tara su ne, da kuma kasancewarta baƙuwa.

Su wane ne ma kwamitin? Maza ne, masu gidaje, 'yan asalin unguwar. Da yawansu mutanen kirki ne, su ne suka haɗa kuɗin sintiri lokacin da babu ɗan sanda ko ɗaya a kusa, tun kafin Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Wannan alheri ba zan manta da shi ba. Amma in an zo karɓar kuɗin sintiri, ana ƙwanƙwasa ƙofar 'yar haya kamar ta kowa, tana kuma biya. In an zo yanke hukunci a kan abincinta, ba ta wurin, ba a kira ta ba, babu mace ko ɗaya a tabarmar. Kwamitin unguwa ba kotu ba ne. Jama'a ne suka ba shi amana a kan sintiri da magudanar ruwa da gyaran taransifoma. Daga ranar da ya fara yanke wa zai ci abinci wa zai kwana da yunwa, ya wuce gona da iri.

Malamanmu ma, da za a tambaye su, sun san cewa ɗaukar mace aikin shayarwa da raino a biya ta abu ne da littattafan fiƙihun Malikiyya suka yi bayaninsa a babin ijara. Duk yaron Islamiyya ya san Halimatus Sa'adiyya, ya san a hannunta Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙuruciyarsa. Kuma malaman nan da suka zo maganar cutar da maƙwabci, abubuwa irin su hayaƙin gidan burodi da warin majema da girgizar da ke tsaga bango suka tattauna, wato cutar da ake iya nunawa. Wanda ya ce raino na cutar da shi, ya nuna cutar, a auna ta, a nemi maganinta.

Akwai kuwa abin da za a nuna, kuma a nan masu gida suke da gaskiyarsu. Rijiya ba murfi a tsakar gida, da yara shida masu rarrafe da mace ɗaya, wannan abin tsoro ne na haƙiƙa. Murhu a buɗe ma haka. Masai yana saurin cika in masu amfani da shi sun ƙaru, kuma kuɗin kwashe shi daga aljihun wani zai fito. Ruwan da ake saye a hannun 'yan ga-ruwa ba kyauta ba ne. Ƙyanda in ta shiga ɗaki ɗaya mai yara da yawa, sai ta zagaye su, kuma ba mu manta da amai da gudawar da ta ratsa jihar nan a daminar 2021 ba. Akwai kuma macen da kwaɗayi zai sa ta karɓi yara goma sha biyar a ɗakin da bai fi shimfiɗa biyu ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kowanne daga ciki yana da magani mai araha. Murfin rijiya da kwaɗo nawa ne? A ƙayyade mata yawan yara, biyar ko shida, kada jarirai su wuce biyu. A ce kowace uwa ta nuna katin rigakafi, mai zazzaɓi ko ƙuraje ya zauna gida. A ɗora mata wani kaso na kuɗin ruwa da kwashe masai, a faɗa a gaban shaidu, a rubuta. A kai sunayen yaran da iyayensu wurin mai unguwa. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya tafi kai tsaye kan notis, to ba lafiyar yaran ce ta dame shi ba.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne muka haɗu da wannan rigima. A Amurka akwai ƙungiyoyin masu gidaje da ƙarfinsu ya ninka na kwamitocinmu: suna iya faɗa maka launin fentin da za ka shafa wa gidanka da tsayin ciyawar ƙofarka, su ci ka tara in ka saɓa. Duk da haka a jihar Kaliforniya doka ta ɗauki rainon yara a cikin gida a matsayin wani ɓangare na zaman gida, kuma ta ce sharaɗin mai gidan haya ko na ƙungiya da ya haramta shi ba ya aiki. Ta kuma ɗora wa mai rainon nata nauyin: sai ta samu lasisi, ƙaramin gidan raino ba ya wuce yara 8, babba ba ya wuce 14, kuma 'yar haya za ta sanar da mai gida a rubuce kwana 30 kafin ta fara. A 2019 suka ƙara wa dokar ƙarfi. Ba cewa nake a kwafo takardunsu a kawo Sabuwa ba, don matar da nake magana a kanta ko katin ɗan ƙasa wataƙila ya ƙone da ɗakinta a ƙauye. Abin lura shi ne mutanen da suka fi mu son doka da ƙa'ida sun auna, sun ga in aka bar wa masu gidaje wuƙa da nama, iyaye mata ba za su samu inda za su ajiye 'ya'yansu su je aiki ba, sai suka sa iyaka ga kowane ɓangare.

Mu kuwa a nan, me gwamnati ta tanada a madadin mai raino? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin abin da ya rataya a wuyan hukuma, kuma wasu firamare suna da ajin share fage. Ajin nan ba ya karɓar ɗan wata takwas, kuma kafin azahar an tashi, alhali uwar tana gona sai rana ta yi sanyi. Ƙaramar hukumar da ba ta gina ko rumfa ɗaya ta raino ba, mafi ƙarancin abin da za ta yi shi ne ta hana a tsangwami wadda ta ɗauke mata nauyin. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hakimansu suna iya kashe wannan wuta da zama ɗaya: a kira masu unguwanni, a ce daga yau babu mai korar 'yar haya don tana raino, ga sharuɗɗan da za ta cika, kuma ma'aikaciyar lafiya ta mazaɓa ta riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Ba kwangila ba ce, ba ta buƙatar kasafi. Wataƙila ma shi ya sa ba a yi ba.

Ga 'yan kwamiti kuwa, ina so ku bi yaran nan da ido bayan kun rufe ɗakin, domin ba ɓacewa suke yi ba. Wani za a goya shi zuwa gona, a kwantar da shi ƙarƙashin bishiya kusa da inda aka yi feshin maganin ciyawa, a gonar da ke bakin dajin da ku kanku ba ku yarda ku je ba. Wani za a kulle shi a ɗaki da kofin kunu a ce yanzu zan dawo. Mafi yawansu kuwa za su koma bayan yayarsu. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara, wadda jiya take aji uku, yau an ce ta ajiye jaka ta goya ƙaninta, in ta samu sarari ta ɗauki farantin talla da shi a bayanta. Ana ta kashe kuɗin Bankin Duniya a shirin AGILE don 'ya'ya mata su tsaya a makaranta a jihar Katsina, ku kuma kuna zaune a tabarma kuna cire su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kun sani ba. Rainon da kuka hana dattijuwa mai hankali ta yi a gaban idonku, yanzu ƙaramar yarinya ce ke yin sa a bakin kwalta, tsakanin tayoyin manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Mai unguwar da aka kawo wa ƙarar mai raino gobe, kafin ya aika mata da yaro, ya tashi da kansa ya yi sallama a gidan. Ya ƙirga yaran, ya duba rijiyar, ya tambayi inda uwar kowannensu take a wannan sa'ar. Sannan ya kira mai gidan da matar da biyu daga cikin iyayen, su zauna a zaurensa, a rubuta abin da aka yarda a kai, kowa ya dangwala.